Numfashin Ayu a Badagiri

Da asuba muka bar Agege,
ni da Baba Tunau, da ƙosai a leda kan cinyata.
Likitan ido ya kawo shi Legas.
Na ce kafin a taɓa idon
bari ya kalli teku da ɗan ganin da ya rage.

Ya ce ruwa ai ruwa ne.
Wanda ya shekara arba'in yana kwana kan kogi a Yawuri,
me Badagiri za ta nuna masa?

Mota ta faɗa rami, ta fito, ta sake faɗawa.
Da hantsi muka sauka.
Iska ta tarbe mu da gishiri a baki,
itatuwan kwakwa na gyaɗa kai kamar masu jin wa'azi.

Wani saurayi, Sewanu, ya miƙo rigar ruwa mai launin lemo.
Baba ya ƙi.
Ya ce Basarke ba ya yin sallama a ƙofar ɗakinsa.
Sewanu ba ya jin Hausa, amma yana jin taurin kai,
ya yi dariya, ya tura kwalekwale.

Ruwan nan baƙi ne, kamar shayin da aka manta a wuta.
Itatuwa sun yi ɗage kan saiwoyinsu,
ƙaguwa na hawa, ƙaguwa na sauka.
Zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya, bai ko dube mu ba.
Birai biyu suka raka mu reshe zuwa reshe har suka gaji.
Baƙin da ke bayanmu na ta ɗaukar hoto,
shi kuwa Baba hannunsa na cikin ruwa,
yana karatu da tafi.

Sai ya ce, a tsaya.
Gaya masa ya ɗaga filafili.

Ni ban ga komai ba
sai guntayen ciyawa na yawo, an gutsire musu kai.
Ya kamo ɗaya, ya shafa bakin yankan da babban yatsa.
Ya raɗa: ayu.

Muka jira.
Sauro ya ci rabonsa.
Can sai ƙofofin hanci biyu suka huda ruwa,
aka saki numfashi mai nauyi irin na saniya da tsakar dare,
wani gadon baya ruwan toka ya juya, ya nutse.
Shi ke nan.
Sewanu ya dafe kai: wata bakwai yana kawo mutane,
bai taɓa dacewa ba.

Hannun daman Baba ya tashi da kansa
har saitin kunne, yadda ake riƙe zago.
Ya dubi hannun.
Ya mayar da shi cinya.

Goma sha ɗaya, ya ce.
Da na ƙarshen aka biya kuɗin makarantarki.
Tun daga shi ban sake jin wannan numfashi ba.

Na rasa inda zan ajiye idona.

Da la'asar, a bakin teku, ƙauyen na bikin sakin 'ya'yan ƙififiya.
Ganguna, mata cikin atamfa iri ɗaya,
hayaƙin kifin Iya Mautin na bin mutane har cikin riga.
A bokiti ga su nan suna motsi,
kowace ba ta kai tafin jariri ba.
Aka ba Baba guda.
Ya durƙusa, gwiwa na ƙara,
ya yi bisimillar da ya saba yi kafin jifa,
ya buɗe hannu.

Ta rarrafa. Igiyar ruwa ta dawo da ita.
Ta sake, aka sake korowa.
A karo na uku teku ya karɓa.

Ya daɗe a tsaye, wando jiƙe har gwiwa.
Ban san ko yana hango inda ruwan ya ƙare ba,
ban kuma tambaya ba.

A mota ya ce, yaushe ne aikin idon?
Na ce Laraba.
Ya ce to.
Har mun wuce gada, na zaci ya yi barci,
sai ya ce, in kin sake ganin yaron nan
ki ce ya daina kallon ruwa,
ya riƙa duba ciyawa.